Rantsuwar Inno

Gidan Malam Bube,
Tambuwal.
6 ga Afrilu, 1981.

Zuwa ga aminiyata Husaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da 'yan makarantarki. Yaya Kaduna, yaya zafi? Kada ma ki amsa na biyun. Wanda bai kwana Tambuwal a watan nan ba, labarin zafi kawai yake ji.

Takardarki ta riga ni isowa gida. Tambaya uku kika yi: an yi aikin, ina da rai, ina iya tafiya. An yi, ina da shi. Ta ukun kuwa ita ake shari'a a kanta a gidan nan tun ranar da na sauka.

Kin dai tuna yadda kika bar ni bara, ina tafiya a karkace kamar danga bayan ruwan sama, ciwo na tasowa daga ƙugu yana bin ƙafar hagu har babban yatsa. Ladan duba makarantun ƙasar Kebbe ke nan a bayan Landiroba, kan hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Da likitocin Sakkwato suka ce abin ya fi ƙarfin ƙwaya, gwamnati, wadda kuɗin mai ya rasa wurin zama a aljihunta, ta ɗora ni a jirgi sai Jamus.

Likitan wani dogo ne marar yawan magana. Ya ce tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai ɗan guringuntsi kamar gammo, shi ke hana su gugar juna. Nawa guda ya fashe, abin cikinsa ya fito ya danne jijiyar ƙafa. A da buɗe bayan ake yi kamar ana fiɗa. Yanzu sun samo dabara: a yi 'yar ƙofa, a leƙa ta madubi mai ƙara girman abu, a tsince abin da ya fito, a rufe. Tabon bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba. Na farfaɗo na ji ƙafar ta yi tsit, irin tsit ɗin da unguwa ke yi in mai niƙa ya kashe inji.

Abin da ya biyo baya ne ban shirya masa ba. Yammacin ranar aka ba ni shayi da burodi. Gari na wayewa wata ƙatuwar nas ta yaye mini bargo ta ce in tashi. Na gaya mata a ƙasarmu abin da aka yanka jiya ba ya tashi yau. Ba ta yi dariya ba, ina jin Turancina ne bai kai ba, ko nata. Ta koya mini in mirgina gaba ɗaya kamar gungume, in sauke ƙafafu, in tura da hannu. Na miƙe, Husaina. Na je ƙofa na dawo ina zagin matar a zuci, ita kuwa tana duban agogo. Kafin a sallame ni sun biya mini dokoki har na haddace: ba sunkuyawa, ba murɗa jiki, ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi, ba dogon zama. Tafiya kuwa kullum, ta yau ta ɗara ta jiya. Likitan ya ce aikin hannunsa rabi ne, sauran rabin yana ƙafata. In na kwanta makonni naman baya zai saki, jini na iya daskarewa a ƙafa, tabon ciki ya manne wa jijiyar, in koma gidan jiya.

Maigidana, Baban Ummu, ya tarye ni a Kano, ya kawo ni wurin Inno jinya kamar yadda aka saba, ya koma Kebbe wurin aikinsa na malamin dabbobi, shanunsa da alluransa. Na tarar mahaifiyar tawa ta shirya mini gado mai katifa biyu, tukunyar ruwan zafi, kunun kanwa, komai na maijego, jinjiri kaɗai ya rage. Ta ce arba'in zan kwanta, kuma daga ranar da na sauka take ƙirga, kwanakin Jamus ba sa ciki tunda ba a gabanta aka yi su ba. Da ta ga tabon sai ranta ya ɓaci. "Don wagga 'yar tsaga anka kai ki bayan teku? Wanzami na yin wadda ta fi ta." Aka aika garin Jabo aka kira Ɗangiwa mai ɗori. Daga zaure aka kwatanta masa tabon da yatsa, ya yanke hukunci cewa tunda Bature bai buɗe sosai ba, bai ga komai ba, ciwon yana nan ciki yana jira.

Sai kuma 'yan dubiya. Ranar Laraba iyayen ɗalibaina mata suka cika mota daga Fakku, da furarsu da kajinsu. Suka same ni a tsakar gida ina zagayena, suka gaishe ni a gurguje, suka tambaye ni ɗakin marar lafiya. Na nuna musu. Suka shiga da sallama ƙasa-ƙasa, suka durƙusa gaban gado, ba kowa. Na biyo su na ce ai ni ce. Babbarsu, Jumare, ta dube ni daga ɗankwali har silifa, ta tambayi Inno ko su koma da kajin. Ni dariya na yi, su kuwa haushi suka ji na gaske. Mutum ya bar aikinsa, ya biya mota, ya shirya sannunsa tun daga gida, ya zo ya tarar da majinyaci a tsaye, kamar an je suna ba jariri. A gari yanzu cewa ake yi ba aikin da aka yi mini, sayayya na je.

Wannan bai dame ni ba. Shirun Inno ne ba na so. Ta daina faɗa, kallon ƙafafuna kawai take yi.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Ni'imatu


Tambuwal.
15 ga Afrilu, 1981.

Husaina 'yar uwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa, takarda a kan faifai, faifai a kan ƙirji. Kada gabanki ya faɗi, ba faɗuwa na yi ba. Rantsuwa ce ta kwantar da ni.

Ranar Juma'a gida cike da mata 'yan dubiya daga Dogon Daji, na fito zagayena na la'asar. Wata tsohuwa ta ce, ba da ni take ba, da bango take, haka marigayi Malam ya yi. Inno na riƙe da ludayi. Ta ajiye shi, ta miƙe, ta ce a gaban kowa: "Wallahi tallahi, Atu, ƙafarki ba ta koma taka tsakar gidan ga sai kin cika arba'in." Kin san Inno. Tun da nake ban taɓa jin ta kama sunan Allah a kan abin duniya ba.

Dole in ba ki labarin da na taƙaita miki a Zariya, lokacin da na ce miki kawai mahaifina ya daɗe yana jinya. Ina firamare bayansa ya kama, irin nawa sak, har jan ƙafar. Uban Ɗangiwa ya ɗaure shi ya ce ya kwanta arba'in. Ya kwanta fiye da rabi, sai Sallah ta zo, ya ce shi ba zai ji kabbarar Idi daga kan gado ba. Ya tashi, ya sa rawani, ya kai bakin zaure, ƙafafun suka ƙi. A kan ƙyaure aka maido shi. Bai sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Shekara bakwai yana ba da karatu a kwance, Inno na juya shi, tana wanke shi, tana shafa masa man shanu a gyambon kwanciya. A wurinta maganar a fili take: ya tashi kafin lokaci. A wurina, ya kwanta har ƙafafun suka manta aikinsu, ko kuma jijiyar ta daɗe da mutuwa, ba wanda ya leƙa ya gani. Mutum ɗaya muka rasa, kowace da darasin da ta ɗauka.

Bayan mata sun watse ta shigo ta zauna bakin gado, ba ta dube ni ba, ta ce ta ɗauki mutum guda shekara bakwai, ba ta ɗaukar na biyu. Na kwanta.

In gaya miki gaskiya, babu nas a Jamus da ta kama ƙafar Inno wajen jinya. Ta san lokacin da zan ji ƙishirwa kafin in ji. Farfesun kaza, fura mai sanyi, fifita har hannunta ya gaji ta sauya. Gashin ruwan zafi kaɗai na hana a kai kan ɗinkin, shi ma sai da muka yi ciniki kamar a kasuwar shanu. 'Yan dubiya kuma sun sami abin da suke so. Yanzu ina amsa "da sauƙi" da siririyar murya, su girgiza kai, su fita zuciyarsu fes. Jumare ta aiko daga Fakku cewa ta ji na yi hankali, za su dawo.

Amma bayana ya yi tauri kamar katako. Babban yatsan ya fara yin sanyi. Jiya da na mirgina tsohon ciwon ya ɗago kai, kaɗan dai, kamar mai sallama yana tambaya ko masu gida na nan. Ina jin tsoro, Husaina, kuma ba zan faɗa wa kowa ba sai ke. In na tashi na karya rantsuwar uwata a gaban garin da ya ji ta. In na kwanta ina iya zama abin da take gudu in zama, ita kuma ta ce da ma ai na tashi da wuri.

Baban Ummu ya zo Lahadi. Ya saurare ni, ya saurari Inno, ya ce kowa na da gaskiya, ya ci tuwo ya koma. Da za a ba shi kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta taɓa jin nauyinsa ba.

Akwai wani abu kuma. Bayi yana can ƙetaren tsakar gida, rantsuwa ta hau kansa. Sai Inno ta jawo wata tsohuwar tasa daga ƙarƙashin gadonta, ta wanke, ta kawo mini. Na gane ta daga lotsawar bakinta. Ta Malam ce. Duk shekarun nan tana ajiye da ita, ban san wa take jira ba.

Na aika a kira mini Baffa Sambo.

Ki sa ni a addu'a. Gaisuwa ga kowa da kowa.

Taki,
Ni'imatu


Tambuwal.
29 ga Afrilu, 1981.

Ƙawata Husaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyali, na sami amsarki, na gode da addu'a da kuma shawara. Addu'ar na karɓa. Shawarar kuwa, wai in riƙa zagaya ɗaki a ɓoye in Inno ta ta da sallah, na mayar miki da abarki. Ɗakin rabinsa gado ne, rabinsa jeren kwanoni. Ban da haka ma, ƙafar tawa ce, ba zan sace ta ba.

Baffa Sambo ƙanen Malam ne, shi ya gaji makarantar zaure. Ya shigo da wa'azinsa a shirye, ya fara da cewa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa. Na ce masa ni ba ƙafar Inno nake jayayya da ita ba, tawa nake nema. Ya ce boko ya sa mini baki. Na ce a gidan nan na koyi tambaya, a gefen gadon yayansa. Na tuna masa shi da kansa ya ba ni fatawar yin sallah a tsaye da ishara tunda ba na iya ruku'u, ko gardama bai yi ba. Ubangiji ya yarda in tsaya masa, Inno ce ba ta yarda ba. Sannan na tambaye shi hukuncin wanda ya rantse a kan wani, wanin bai cika ba.

Baffa yana da aibi ɗaya da nake ƙaunarsa dominsa, ba ya iya ƙarya a kan karatu ko da karatun ya juya masa baya. Ya ce ana son a kuɓutar da rantsuwar mai rantsuwa, balle uwa, muddin babu cuta. In akwai cuta, ba a umarci kowa ya cuci kansa ba. In an karya, kaffara tana kan wanda ya rantse, ya ciyar da miskinai goma. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ya ƙara da cewa kaffara tana gyara tsakanin Inno da Ubangijinta, amma abin da ke gyara tsakanin uwa da ɗiya, wannan babin bai kai gare shi ba tukuna.

Washegari da hantsi ta kawo mini kunu. Na ce mata yau zan tashi, kuma na fi so ta ji daga bakina. Na gaya mata abin da likita ya ce, da abin da yatsana ke cewa. Sai na ƙara da abin da bai kamata ba, na ce hatsin kaffarar ni zan saya. Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar Juma'ar nan, ta ce, "Bakina ya rantse, ba albashinki ba." Ta ajiye kunun ta fita.

Na mirgina kamar gungume, na sauke ƙafafu, na tura da hannu. Ɗakin ya yi juyi da ni sau biyu kafin ya tsaya. Kwanciyar 'yan kwanakin nan ta cinye abin da na tara tun Jamus. Na dafa bango na kai dokin ƙofa, na tsaya ina kallon ƙasar tsakar gida, ƙasar da na yi rarrafe a kanta. Na taka ta. Marka, matar yayana, tana daka da maƙwabciyarmu, taɓaren biyu suka tsaya a sama. Inno na zaune kan buzunta ta ba ni baya, tana jan carbi. Na je gindin darbejiya na dawo. Kaji kaɗai suka ba ni hanya.

Tun ranar ba ta yi mini magana ba. Da safe in na yi sallama tana amsawa, don wannan wajibi ne, daga nan ba ƙari ko na "kin tashi lafiya". Abinci ta hannun Marka yake zuwa, amma na san hannun da ya dafa, don babu mai sa daddawa haka a gidan nan sai mutum ɗaya. 'Yan dubiya sun ɗauke ƙafa. Da cewa ake yi ba ni da ciwo, yanzu cewa ake yi ba ni da kunya, ina ganin ci gaba ne. Ɗaliban Baffa kuwa in zan ratsa zaure sai kowa ya dulmuya cikin littafinsa, ban taɓa ganin himma irin wannan ba.

I, zaure na ce. Tsakar gida ta yi mini kaɗan. Bayan sallar asuba nakan yafa mayafi in fita, in bi bayan firamare har tsohuwar kuka, in dawo kafin rana ta yi fushi. Yatsan ya dawo. Bayan yana sakin jiki. Na sami abin da na tashi dominsa, kuma kullum na dawo sai in tarar da bayan Inno a inda na bar shi. Kada ki zaci ba ya mini ciwo. Wanda aka yi mini aiki dominsa bai kai shi ba. Amma ba zan koma gadon nan ba ko da garin Tambuwal duka zai rantse.

Abu ɗaya na lura. Ba ta fitar da kaffarar ba har yau. Inno ba ta kwana da bashin Allah, ko azumi ta sha tana ramawa kafin a gama cin tuwon Sallah. Na san abin da take jira.

Ki gaida maigidan da kyau. A gaida yara.

Taki,
Ni'imatu


Kebbe.
30 ga Mayu, 1981.

Zuwa ga Husaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da iyali kuna lafiya, da fatan ruwa ya sauka muku kamar yadda ya sauka mana. Dubi saman takardar nan ki ga inda nake. Ummu tana gaishe ki, ta yi tsawo a bayana ba da izinina ba.

Kin yi ƙorafin na bar ki a rataye. Ga yadda aka ƙare, in ƙarewa ce.

Ranar da aka yi ruwan farko na fita kamar kullum. Wajen rijiyar unguwa ƙasa ta yi santsi, ƙafa ta tafi ta bar ni, na faɗi ta gefe cikin taɓo. Na kwanta ina sauraren bayana kamar mai kasa kunne a ƙofar ɗakin da ɓarawo ya shiga. Kafin in gama saurare unguwa ta taru. Mata na salati, wani dattijo na cewa ai da ma an faɗa, sai ga samari biyu a guje ɗauke da ƙyaure. Ƙyaure, Husaina. Ban san na wane gida suka ciro ba. Na ce musu duk wanda ya taɓa ni sai na gaya wa uwarsa makin da ya ci a jarrabawar aji bakwai, don na gane su, ta hannuna suka wuce. Suka ja baya. Na mirgina, na kafa gwiwa, na dafa bakin rijiya, na miƙe. Kwankwaso ne ya bugu, bayan bai ce komai ba.

Na doshi gida da taɓo har kunne, jama'a na biye da ni, masu ƙyaure a ƙarshe ko da za a buƙace su. Labari ya riga ni, kuma a hanya ya ƙara ƙiba, an gaya wa Inno ana kawo ni. Na hango ta tsaye a ƙofar zaure, ita da rana ba ta gan ta a wurin ba tun da ta fita takaba, ba mayafi, ba takalmi. Ba ta dubi fuskata ba. Ƙafafuna ta bi da ido tun daga kan kwana har na zo na wuce ta gefenta. Na yi sallama, a ranar ko amsawa ba ta iya yi ba.

Da azahar na ji ana buɗe rumbu. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta auna gero da hannunta, kashi goma, kowane mudu sai da ta yi masa tozo. Marka ta miƙa hannu za ta taya ta, ta buge hannun. Ta ƙulla kowane kashi, ta faɗi gidan da za a kai, gwauraye da makafi da wata tsohuwa da 'ya'yanta suka tafi Legas suka manta hanya. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallo, ita kuma ta san ina kallo. Ashe duk kwanakin nan ta riƙe kaffarar ne tana jiran ɗayan biyu, ko in koma gado da kaina, ko a maido ni. Ranar ta daina jira. Amma magana dai ba ta yi mini ba, har likitan Sakkwato ya duba ni ya ce in koma aiki, har Baban Ummu ya zo da mota.

Kin san ba a barin gaban uwa sai an durƙusa an nemi gafara. Na kwana biyu ina tunanin me zan nema gafararsa. Na shiga ɗakinta, na sauka kan gwiwoyina baya a miƙe kamar taɓarya, don sunkuyawa har yanzu haramun ce a gare ni, ko kai ban iya dunƙufarwa yadda ya kamata ba. Na ce ta yafe mini ɓacin ran da na sa ta, da kunyar da na ja mata a gari. Na yi shiru daga nan. Ta jira sauran. Da ta ga babu saura sai ta ce, to, tashin fa? Na ce shi ban nemi gafararsa ba, don in aka mayar da ni ranar zan sake tashi.

Na zaci kora ce za ta biyo baya. Ta ce taurin kan nan ta san inda na samo shi, ta yi zama da mai shi, ta kuma ga inda ya kai shi. Ɓacin rai ta yafe tun ranar da ta auna gero. Tashin kuwa ba ta yafe ba, ba ta kuma ce ba za ta yafe ba. "In na gan ki bisa ƙafafunki bana, na gan ki baɗi, kin shigo gidan ga ba a riƙe da ke ba, sai mu yi magana." Gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, ta lura, ta ce in tashi kada in ɓata aikin Bature tunda an riga an kashe kuɗin jirgi. Ba ta miƙo hannu ba, ni ma ban nema ba. Na miƙe tana kallo.

Albarka kuwa direba ta sa wa. Ta aika Marka ta gaya masa Allah shi yi mishi albarka in ya bi ramuka a hankali. Ina cikin motar, na ɗauki rabona ban tambayi kowa ba.

Na koma aiki ranar Litinin. Yanzu gaba nake zama da matashi a ƙugu, in zaman ya yi tsawo in sa a tsaya in sauka in taka, mota na bina a baya kamar akuya. Direba ya gama yanke cewa a Jamus an taɓa mini wani abu ban da baya. Malaman ƙauye kuwa sun shiga uku, don da ƙarar Landiroba suke gane mai duba makarantu ta iso, yanzu sai dai su ɗaga kai su gan ni a taga.

Saura bana da baɗi ke nan, kuma na yi niyyar cika su a tsaye. Don haka ga aike. Ki shiga kasuwa ki saya mini takalmin kambas marar tudu, lamba bakwai, mai ƙasan da ba ya santsi. Ƙafa biyu za ki saya, ɗaya na bana, ɗaya na baɗi. Ki ba direban motar Sakkwato ya ajiye a ofishin ilimi na Tambuwal, da sunana.

Ina gaida maigidan da yara, da duk mai tambayata. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ni'imatu